Shekarar da Muka Yi Gardamar Asalin Tsinke

Ruɗab ya shigo kasuwa. Shekaranjiya na gan shi a bakin titi a Khalidiyya, an jera shi cikin ƙananan kwalaye a bayan wata mota, rabinsa rawaya rabinsa ruwan zuma. Ga wanda bai zauna Madina ba, ruɗab shi ne dabinon da ya nuna bai kai ga bushewa ba, kuma ba ya nuna sai iskar nan mai zafi ta taso, wadda mutanen garin ke cewa ita ce mai dafa dabino. Ni dai na san ba dabino kaɗai take dafawa ba. Na sayi kwali guda, na koma ɗakina na gadi, na kunna na'urar sanyi, na jefa ɗaya a baki, sai raina ya ɓaci. Duk shekara haka nake yi wa kaina, kuma ba na daddara.

Shekara goma da wani abu ke nan, lokacin ina aiki a wata gonar dabino a Ranuna, can bayan Ƙuba. Yanzu rabin gonar ya zama gidaje, sauran kuma an shimfiɗa masa baƙaƙen bututun roba masu ɗigar da ruwa da kansu. A zamaninmu da shebur muke buɗe wa ruwa hanya, daga gindin wannan bishiya zuwa waccan, kamar masu lambu a fadama.

Mu uku ne a gonar. Akwai ni, Sale, mutumin ƙasar Gumel. Akwai Baba Adam, Bahaushen Sudan, tsoho mai faɗa da tsafta, wanda in ya fara magana da Hausa sai ya ƙarasa ta da Larabci bai sani ba. Sai Ilu, ɗan Tawa ta Nijar, ɗan mafarauci. Ni da Ilu ɗaki ɗaya muke kwana, tire ɗaya muke cin abinci. In matata ta kira daga gida ba ta same ni ba, wayar Ilu take kira. Wanda bai san mu ba cewa yake wa da ƙane ne.

A ƙarshen sanyin shekarar, lokacin da ake hawa ana sa wa macen dabino furen namiji, karnukan titi suka haura katanga suka kashe wa maigona 'yan raguna. Ya zo ya ga ɓarnar, ya ce a nemo karen gadi. Likitan dabbobin da ke duba mana tumaki wani ɗan Zariya ne, shi ya ɗauke ni a motarsa zuwa wani fili a Aƙiƙ inda wasu bayin Allah ke tara dabbobin da aka yasar. Yawanci kyanwoyi ne, har ba ka samun wurin sa ƙafa. A can lungu, cikin wani kwali, ga ɗan kwikwiyo launin ƙasa, haƙarƙarinsa duk a waje. An ce a kwalbati aka tsince su bayan mota ta take uwar, shi kaɗai ya rayu.

Na ce, "Likita, wannan wane iri ne?"

Ya ɗaga shi ta ƙeya, ya juya shi, ya buɗe bakinsa ya duba. Ya ce, "Malam Sale, uwar ma ba a san irinta ba, balle uban. Ka jira ya girma, shi zai faɗa maka da kansa."

Ban yi niyyar son kare ba. A garinmu kare kare ne, a jefa masa ƙanzo a ce masa fita. Amma a hanyar dawowa ya cusa kansa cikin hammatata yana rawar jiki, ni kuma a lokacin na shekara uku ban ɗauki ɗana ba. Kafin mu kai Ranuna an gama da ni. Ilu na ganinsa ya fashe da dariya, ya ce, "Wanga tsinken zai yi gadi?" Sunan ya bi shi daga ranar.

Baba Adam bai yi dariya ba. Ya tsaya nesa ya naɗe jallabiyarsa ya kafa sharuɗɗa. Kare ba zai shiga ɗaki ba. Kwanonsa daban. Duk kwanon da ya sa wa baki sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. "Karen gona halal ne, ya walad, ban ce haram ba. Lakin ya taɓa tukunyata, wallahi ni da kai ne."

Daga nan gardamar asalinsa ta zama mana abin hira. Ni na ce karen gida ne irin namu, ga wutsiya tana naɗewa sama kamar ta karen kakana. Baba Adam ya ce da gani akwai jinin dila, a dubi bakin nan mai tsini da yadda yake satar kallo. Direban da ke kawo mana taki ya ce irin na 'yan sanda ne, kunnuwan za su miƙe nan gaba. Kunnuwan ba su miƙe ba, sai ma suka ƙara faɗuwa suna fitar da wani siririn gashi a baki-baki. Ilu kuwa, wanda ya fi mu duka sanin kare, kullum amsarsa ɗaya ce. "Karen bola ne, ku bar wahalar da kanku."

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Yaran yanzu da ke azumi cikin sanyi ba za su gane ba. Rana ba ta gama fitowa ba za ka ji ƙasa ta fara hucin tanda. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ruwan da ke cikin tanki in ka sa hannu da azahar sai ka janye. Kuma a makon farko injin rijiyar ya mutu. Aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Jidda, ƙarfen nan ya yi ta zuwa har aka yi sallah bai iso ba.

Sai muka koma jiran wayit, wato tankar ruwa, wadda wata rana ta zo wata rana direban ya kashe waya. Maigona ya tsara yadda za a raba. Dabino tukuna, domin 'ya'ya sun fara nuna, in suka ji ƙishi za su zube. Sai tumaki. Sai mu, jarka ɗai-ɗai, a ciki za ka sha, ka yi alwala, ka yi wanka. Ba a ambaci kare ba. Na daina wanka sai dai in jiƙa tsumma in goge jiki, abin da ya ragu in zuba wa Tsinke.

Da an sallame asuba muke ɗaukar igiya mu hau. Ka zarga ta a bayanka da jikin bishiyar, ka dinga turawa da ƙafa har ka kai sama, ƙaya na yagar hannunka, ka tsinko waɗanda suka nuna ɗaya bayan ɗaya ka zuba a kwando. Ruɗab na narkewa a yatsunka, zumarsa na bin gwiwar hannunka, maƙogwaronka kuma ya bushe kamar tsohuwar fata, ba halin lasa. Kafin hantsi ya yi nisa dole mu sauko. Mu shimfiɗa buhu a inuwa mu kwanta ba mai iya magana. Tsinke ya tone rami a gindin dabinon da aka ba ruwa jiya, ya binne cikinsa a danshin, harshe a waje, yana kallona. Ni da shi haka muke cinye rana.

Da magariba Baba Adam ya sauke miyar adas, ɗan ƙaramin waken nan na Larabawa, Ilu ya dama furar da yake haɗawa da madarar shago da garin geron da yake saya wurin matan Hausawa. Ban taɓa jin abu mai daɗin kurɓin farko na ruwan nan mai ɗumi ba. Tsinke ya zauna nesa, daidai inda Baba Adam ya ja masa layi da sanda, sai mun gama ya matso.

Rana ɗaya ya karya doka. Mun tafi salla, muka dawo muka tarar da kansa cikin tukunyar miya. Baba Adam ya yi salati ya ɗora hannu a ka. Wanki bakwai a shekarar da ake auna ruwa da kofi! Ya rantse ko karen ya bar gonar ko shi ya bari. Jarkata kuwa ta kusa ƙarewa. Ilu ya ɗauko tasa jarkar, ya tsuguna ya wanke tukunyar tas, ɗaya da ƙasa, Baba Adam na tsaye yana ƙirgawa. Washegari da taimama Ilu ya yi sallolinsa. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na ɓoye alherinsa.

Cikin azumin nan Tsinke ya canza. Ƙafafu suka yi tsawo, ƙirji ya zurfafa, ƙugu ya tsuke. Wata yamma ina buɗe wa ruwa hanya Ilu ya biyo ni, ya waiga ko'ina, ya rage murya.

"Sale, zo in hwaɗa maka wata magana. Karen ga ba na bola ba ne."

"To ba kai ke cewa na bola ne ba?"

"Da gangan nike hwaɗi. Dubi ƙirjin, dubi gashin kunnen. Shina da jinin karen hwarauta, wanda Larabawan ga ke ce ma saluki. Ka san Nayif da son irin su. Randa duk ya gane, sunan karenka ɗaukakke."

Nayif ɗan maigona ne, saurayi mai farar mota, ba ya zuwa gonar sai zai ɗebi dabino ya kai wa abokai. Na ce to yaya za mu yi?

"In ka ji motarshi, ka ɗaure shi bayan garke. Kada ya ga gudunshi. In ya tambaya, karen bola ne. Ni da kai kaɗai muka sani, amana ce tsakaninmu."

Ya miƙo hannu na kama. Ranar na ji a duniya ba ni da kamar Ilu.

Saura matsala guda, Tsinke ba ya haushi. Baƙo zai shigo har tsakiyar gona, shi dai ya ɗaga kai ya kalle shi ya mayar. Maigona ya fara tambaya, wannan wane irin mai gadi ne? Sai na shiga koya masa. In kai shi bayan garke, in durƙusa, in yi ta haushi ina nuna masa ƙofa, da azumi a bakina. Yana kallona yana karkata kai. Wata rana na juya na ga Baba Adam tsaye da buta. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, gona ta sami kare. Saura wancan ya koya." Sau ɗaya tak Tsinke ya taɓa yin haushi a gabanmu, ranar sallah, da Baba Adam ya fito cikin sabuwar jallabiya da rawani bai gane shi ba.

Ana saura kwanaki a gama azumi Ilu ya faɗo daga dabino. Jiri ya ɗebe shi, igiyar ta zame, ya sulalo yana gurzar jikin bishiyar har ƙasa. Bai karye ba, amma ƙirjinsa da cinyoyinsa sun saɓule, kuma wani abu ya shige shi. Da ya warke, in ya zarga igiya ya ɗaga ƙafa sai jikinsa ya hau ɓari. Mai aikin dabinon da ba ya hawa kuwa, kowa ya san ƙarshensa, a ƙi sabunta masa iƙama, wato takardar zama, a sa shi a jirgi. Na ce kada ya damu. Na haɗa layinsa da nawa ina hawa, shi yana ƙasa yana karɓar kwando, in maigona ya zo mu ce yanzu ya sauko. Hannuwana suka farfashe, in na kwanta bayana kamar an daka. Ban taɓa yi masa gori ba.

Bayan sallah aka shiga babban yanka, ana sare nonon dabino gaba ɗaya ana saukewa da igiya. Wata safiya ina can ƙololuwar wata doguwar bishiya a layin Ilu, na ji ƙarar mota. Na leƙa ta cikin ganye na ga farar motar Nayif. Ban damu ba, na san na ɗaure Tsinke bayan garke, ga kuma Ilu a ƙasa. Na kira shi ya karɓi igiya, shiru. Na sake leƙawa.

Ilu ne ke tafe daga bayan garke, Tsinke na biye da shi yana kaɗa wutsiya. A ɗaya hannun yana riƙe da zomo, cikin waɗanda maigona ke kiwo a keji. Ya je gaban Nayif, suka yi magana, ya nuna filin da ke bayan rijiya. Ya saki zomon. Ya saki karen.

Ban taɓa ganin Tsinke ya yi gudu da gaske ba sai ranar. Ya miƙe ya zama kamar zare, ƙafafunsa ba ka ganin suna taɓa ƙasa. Zomon bai kai katanga ba. Nayif ya yi tsalle yana tafi yana ɗaukar hoto da waya. Ni kuma ina sama, a kan bishiyar Ilu, ina aikin Ilu, ina ƙwala kiran sunansa. Na san ya ji ni. Bai ɗago ba.

Saukowa daga dabino ba a yi mata gaggawa, amma na yi, na bar fatar hannuna a jikin bishiyar. Kafin in iso an buɗe bayan mota. Na haɗa ɗan Larabcina na ce wa Nayif wannan karen titi ne, a kwalbati aka tsince shi, a tambayi likita. Nayif ya juya wurin Ilu ya ce, "Me ka ce?"

Ilu ya ce, "Asil ne, ya shaikh. Tsantsa. Ubana da irinsu yake hwarauta."

Shi ke nan. Gonar ubansa ce, karen ma don gonar aka kawo shi, ni wane ne? Nayif ya ce yana bukatar mai kula da karen a gidan hutunsa na bayan gari, kuma Ilu ya dace. Tun kafin ranar suka gama maganar, daga baya na gane. Ilu ya zo kusa da ni, ya ƙi haɗa ido.

"Sale, ka yi haƙuri. Ba ni iya hawa, kai ma ka sani. Can nama zai ci, ɗaki mai sanyi zai kwana. Ina tare da shi, ba abin da zai same shi."

Tsinke ya ƙi shiga motar, sai da Ilu ya fara shiga ya kira shi.

Kwanakin da suka biyo baya na yi aiki kamar jaki don kada in yi tunani. In na zuba ruwa sai in ga na rage kaɗan a jarka, sannan in tuna ba wanda zan ba. Baba Adam ya daina yi mini faɗa, wannan ma ya ƙara mini ciwo. Abin da nake lallashin kaina da shi guda ne, cewa ko ba komai karen yana inuwa yana shan ruwan sanyi, kuma yana hannun wanda ya sani.

Ba a yi mako biyu ba, wata rana da azahar, lokacin da ko tsuntsu ba ya tashi, mota ta ajiye Ilu a bakin ƙofa. Sabuwar riga ce a jikinsa. Na duba bayansa, ba kowa. Ya wuce ɗaki ya fara tura kayansa cikin jaka. Na tsaya a ƙofa.

"Ina Tsinke?"

Ya ci gaba da naɗe bargo. Sai da na sake tambaya ya ce da safen nan suka fita da shi bayan gari, can cikin baƙaƙen duwatsu, Nayif zai nuna wa abokansa masu karnukan farauta. Suna ganinsa suka hau dariya. Suka ɗaga wutsiyar, suka duba tafin ƙafar, suka ce wa ya sayar maka da karen titi? Nayif ya ji kunya, ya rantse karen ba zai sake shiga motarsa ba.

Na ce, "Kai ka ce masa tsantsa ne."

"Rabi ne. Na sani tun hwarko. Na zaci ba su ganewa."

"To yana ina yanzu?"

"Can."

"Can ina? A ranar nan? Kun bar masa ruwa?"

Ya juya ya cusa bargon cikin jakar. Na ce ya tashi ya kai ni wurin, ko a ƙasa ne zan je. Ya ce tafiya ce mai nisa a mota, ba hanya, duwatsun duk iri ɗaya ne, shi kansa ba zai gane ba.

"Wa ya hana shi shiga motar?"

"Ba ya yarda da kowa sai ni. Ni na ja shi gefe na kwance igiyar." Ya zuge jakar. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ya biyo mu, Sale. Gudu kam shina da shi. Har muka kusa kwalta ina ganinshi ta madubi."

"Ka ce a tsaya?"

"Nayif ya ce zai sayo na gaske, ni zan kula da su. Yau ɗin ga aka tabbatar min da aikin. Mi kake so in ce?"

Ya rataya jakar ya miƙo mini hannu. Na kauce na ba shi hanya ya wuce.

Da yamma na roƙi likitan nan ɗan Zariya, ya zo da motarsa muka yi ta zagaya bayan gari har rana ta faɗi, washegari ma haka. Na kira sunan har muryata ta dushe. Ba mu ga ko sawu ba, dutse ba ya riƙe sawu.

Nayif ban riƙe shi a zuciya ba, yaro ne da bai san ƙishirwa ba, kuma bai taɓa yi mini alkawarin komai ba. Ilu kuwa ya san abin da rana ke yi wa mai rai a watan nan, tare muka kwanta a kan buhu ɗaya muna jiran magariba. Har yau yana Madina, ya yi ƙiba, mukan haɗu a masallacin Ƙuba ranar Juma'a. In ya yi sallama ina amsawa, don amsa sallama wajibi ne. Hannu dai ban sake ba shi ba.